Goyon Kaka: Nauyin da Ake Ɗora wa Tsofaffin Mata a Zangon Kumasi

A Aboabo da Sabon Zango da Asawase da Sawaba, mai sayar da koko ba ta jiran ladan ya tashe ta. Tun wajen ƙarfe uku na dare take hura gawayi, ta tace ƙullun geron da aka niƙo da citta da kanumfari, ta dama, ta ɗora man ƙosai, don kafin gari ya waye 'yan dakon kasuwar Kejetia da makanikan Suame sun fara tsayawa da kuɗinsu a hannu. Sana'a ce ta mai jini a jika, amma da yawa daga masu yin ta sun ba sittin baya, kuma sau da yawa akwai jariri goye a bayan tsohuwar, ko yara biyu suna barci a tabarma nesa kaɗan da murhu. Jikokinta ne. Uwarsu tana aikatau a Kuwaiti, ko ta sake aure a gidan da ba a son agola, ko ta riga mu gidan gaskiya. Uban yana Libiya, ko Akra, ko kuwa yana nan cikin Kumasi amma ya ɗauke ƙafa. In ka gaishe ta za ta ce alhamdulillahi. In ka ɗan zauna, sai ka ji sauran: barci ba ya zuwa, gabanta yana yawan faɗuwa, abinci ba ya mata daɗi, tunani ya yi yawa. Maƙwabta su ce tsufa ne. Ni kuwa ina ganin wani ɓangare na wannan "tsufa" ciwon damuwa ne, kuma sanadinsa a fili yake: yadda ake ajiye mata yaran, ba shawara, ba kuɗi, ba ranar ɗauka.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a Zango, domin Zangon kansa tafiya ce ta haife shi. Fataken goro daga Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar can, sannan Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, sai 'yan kasuwa da malamai suka gangaro suka kafa unguwanninsu a gefen birnin Asantawa. Mutumin da kan yi watanni a hanya tilas ya bar 'ya'yansa a hannun wani. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Zangon Kumasi a shekarun 1960, ta ga riƙon yara ya isa a rubuta maƙala a kansa, ta kuwa buga ta a 1973. Amma a duba yadda riƙon Bahaushe yake a asalinsa. Kaka ce kan nemi a ba ta, musamman ɗan fari wanda uwa ke jin kunyarsa. Yaron yakan zo bayan yaye, in ya ɗan tasa shi ne ɗan aikenta, yarinya kuma ita ce mai ɗebo ruwa da ɗaukar farantin talla. Gidan cike yake da surukai da sauran jikoki, wadda ta gaji wata ta karɓa. Uba yana aiko da hatsi da kayan sallah, in bai aiko ba dattawan gida su tsawata masa. A wannan tsari jika hutu ne ga tsohuwa, shi ya sa har wasa ya shiga tsakani, tana kiran namijin mai gida, macen kuma kishiya.

Abin da ke faruwa yau sunansa ɗaya da wancan, amma kayan cikinsa sun sauya. Binciken lafiyar iyali na Ghana na 2014 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin shida ba ya zaune da ko ɗaya daga iyayen da suka haife shi, kuma mafi yawan waɗannan yara iyayensu suna raye. A Zango an san inda iyayen suke. 'Yan mata sun bi dillalai zuwa aikin gida a Saudiyya da Kuwaiti, har cin zarafin da ake musu ya sa gwamnati ta dakatar da ɗaukar masu irin wannan aiki zuwa can a 2017, sai tafiyar ta koma ta bayan fage. Samari sun bi ta Agadas zuwa Libiya da burin Italiya. Wadda za ta tafi ba ta jiran yaye. Jariri mai shan madarar gwangwani ake kawowa, da alkawarin shekara biyu kacal da kuɗi duk wata. Gidan da ake kawo shi kuma sau da yawa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, famfo ɗaya, maƙwabta kowa da yarensa da matsalarsa, mai gida kuma yana neman hayar shekara biyu a dunƙule duk da cewa dokar haya ta 1963 ta ce kada a wuce wata shida. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ribar kokon da a da take ciyar da mutum ɗaya, daga cikinta za a fitar da madara da kuɗin laraba da kayan makaranta da maganin zazzaɓi.

Kuɗi ma ba shi ne ƙarshen nauyin ba. Kakar da ke riƙon ɗan wadda ta tafi Kuwaiti damuwa biyu take ɗauke da su, ta yaron da ke gabanta da ta 'yar da ba ta gani. Wayar tana ƙarƙashin matashin kai. In saƙon murya ya shigo ta kira wani yaro ya buɗe mata WhatsApp, ta saurara, ta sake saurara, tana auna muryar ko akwai kuka a ciki. In mako biyu suka wuce shiru, to ba barci. Ranar da aka ce an turo kuɗi ta tafi rumfar mai MoMo, wato mai biyan kuɗin da aka turo ta waya, sai ta tarar abin bai kai rabin bashin mai shago ba, kuma ba ta da bakin ƙorafi don ta san irin wahalar da aka sha kafin a same shi. Ga shi ƙarfinta yana raguwa daidai lokacin da na yaron ke ƙaruwa. Ɗan shekara huɗu ana iya goya shi, ɗan sha biyar kuwa wa zai bi shi lungu ya dawo da shi, a unguwannin da tun 2018 ake ta kuka da tiramadol? In ya lalace, hukuncin jama'a a shirye yake: goyon kaka ne. An ba ta alhakin tarbiyya ba a ba ta iko ba, don ko makarantar da za a sa yaron sai an bugo waya daga waje an yanke, amma in abin ya ɓaci sunanta ake kira.

Likitoci sun san abin da irin wannan zama ke haifarwa. A Amurka, inda shaye-shaye da kurkuku da cutar ƙanjamau suka bar ɗimbin yara a hannun kakanni, Meredith Minkler da Esme Fuller-Thomson da abokan aikinsu sun buga wani bincike a 1997. Sun tarar kashi 25 cikin ɗari na kakannin da ke riƙon jikoki suna da alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba sa riƙo adadin bai kai 15 ba, kuma bambancin bai gushe ba ko da aka yi la'akari da halin da mutum yake ciki kafin a kawo masa yaran. Mai musu zai ce Amurka daban, Zango daban, a nan jika abin alfahari ne. Yana ma da hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Rebecca Sear da Ruth Mace sun duba bayanan haihuwa da mutuwa na wasu ƙauyukan Gambiya daga 1950 zuwa 1974, suka gano cewa yaron da kakarsa ta wajen uwa ke raye ya fi samun jiki, ya kuma fi tsira daga mutuwar ƙuruciya. Ba wanda ke jayayya da amfanin kaka. Sai dai ma'aunin a jikin yaron aka ɗora shi, ba a auna barcin tsohuwar ba. Kuma akasarin kakannin Gambiyan taya 'ya'yansu mata reno suke yi, uwar tana nan tana shayarwa. Tsakanin kakar da ke karɓar jariri da hantsi ta miƙa shi da magariba da wadda ba ta da wanda za ta miƙa wa akwai tazara mai nisa, kuma a wannan fuska kakar Aboabo ta fi kama da ta Amurkan fiye da yadda muke son yarda.

Musu na biyu ya fi wuyar taɓawa, don da sunan addini yake zuwa: wai mumini ba ya ciwon damuwa, wanda ya yi haƙuri ya dogara ga Allah zuciyarsa a kwance take. Wannan magana ce ke rufe bakin tsohuwa, domin in ta ce ta gaji kamar ta ce imaninta ya yi rauni ne, ko tana ƙin jininta. Amma tarihin da malamai ke karantarwa a makarantun Zango bai goyi bayan haka ba. Annabi Yakubu tsoho ne da baƙin cikin ɗan da ya ɓace masa ya taɓa idanunsa, ba kuma wanda ya ce imaninsa ya ragu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a littattafan sira. Ciwon damuwa kuma ya wuce ɓacin ran kwana biyu. Likita yana kiransa ciwo ne in ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, tare da rashin barci ko rashin cin abinci, da kasala, da jin cewa mutum ba shi da amfani. A wurin tsofaffi yakan fito ta jiki: ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, bugun zuciya. Yana kuma tafiya tare da hawan jini da ciwon sukari, domin wadda ranta ya ƙuntata ita ce ke manta shan magani da ranar komawa asibiti. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Ghana a 2007 da 2008 ya tarar fiye da rabin masu shekara 50 zuwa sama suna da hawan jini, mafi yawansu ba su ma sani ba.

Wanda ke son kawo addini cikin maganar, to ya kawo shi gaba ɗaya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke bitarta a Kumasi kamar yadda ake yi a zaurukan Kano, ta sa kaka a bayan uwa wajen renon yaro in uwar ta rasu ko ta yi wani aure. Amma ba ta ɗora mata ciyarwa ba. Ciyar da ƙananan 'ya'ya wajibin uba ne, haka ma ciyar da iyayensa in ba su da hali. Mukhtasar na Khalil ya gindaya sharaɗin cewa mai reno ta kasance tana da ƙarfin yinsa, har ya kawo tsohuwar da shekaru suka ci ƙarfinta a matsayin misalin wadda ba ta cika sharaɗin ba, masu sharhi suka ce sai fa in tana da mai taya ta. Ashe ɗan da ya ajiye wa uwarsa yara uku ya yi gaba bashi biyu ne a kansa, na yaran da na uwar. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar Yara ta 1998 ta wajabta wa iyaye ci da lafiya da karatun ɗansu, ta kuma bai wa duk wanda yaro ke hannunsa damar zuwa kotun iyali a yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa. To amma wace uwa ce za ta kai ɗanta kotu a Zango ta sake ɗaga kai a gidan suna?

Za a ce iyayen ma ba daɗi suke ji ba, kuma gaskiya ne. Yarinyar da aka karɓe wa fasfo a gidan uwargijiyarta, ko saurayin da ke tsare a Libiya ana neman kuɗin fansa daga gida, ba a ce musu su aiko da abin da ba su da shi. Amma ba duka ne haka ba. Akwai wanda ke Jamus yana gina bene a Kumasi ta hannun abokinsa, akwai wanda ya ƙara aure a Akra ya yi bikin da aka kwana ana labarinsa. Ko wanda ba shi da ko sisi ma yana da baffanni da goggonni da kawunnai, waɗanda a tsohon tsari da an raba musu yaran. Dangi dai sun gano cewa mutum ɗaya ce a gidan ba ta iya cewa a'a, sai kowa ya tura mata.

Wasu kuma su ce ai talauci ne kawai, a bar zancen jikoki. To ko da an yarda, sai a tambaya me ya sa talaucin ya fi sauka a kan wannan rukuni. Ƙidayar 2021 ta nuna Ghana tana da mutane kusan miliyan 2 masu shekara 60 zuwa sama, alhali a 1960 dubu 213 ne da 'yan kai, kuma kusan kashi 57 cikin ɗari mata ne. Matar da ta yi shekara arba'in tana sayar da koko ko waakye ba ta da fansho a hukumar fansho ta SSNIT. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, sai tsoho ya kai 70 take yafe masa kuɗin shekara. Shirin LEAP da aka fara a 2008 yana bai wa tsofaffi marasa galihu daga 65, da masu riƙon marayu, tallafi duk wata biyu, kuma tun 2015 abin da gida mai mutum huɗu ko fiye ke karɓa sidi 106 ne, sai a 2023 aka ninka, aka sake ninkawa a 2024. Kaka 'yar shekara 59 da jikoki uku waɗanda iyayensu ke raye tana iya rasa duka, ba ta kai nan ba, ba ta shiga can ba. Alhali an ga abin da kuɗi ke yi a hannun irinta. A farkon shekarun 1990 Afirka ta Kudu ta ɗaga fanshon tsofaffi baƙar fata ya yi daidai da na Turawa, sai Esther Duflo, wadda daga baya ta ci kyautar Nobel, ta bi sawun kuɗin. Ta tarar in tsohuwa ce ta karɓa, jikokinta mata suna ƙara nauyi da tsawo, in tsoho ne kuwa ba a ga wannan sauyi ba.

A ɓangaren magani, Ghana ta yi gaba a takarda. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukuma ta musamman, a 2023 majalisa ta soke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, daga Nuwamba 2024 kuma an sa ciwon damuwa cikin cututtukan da inshorar lafiya ke biya. Amma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku duk suna can kudu, na Akra da na Pantang a yankin babban birni, na Ankaful kusa da Cape Coast, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 98 cikin ɗari na masu buƙatar wannan kulawa a ƙasar ba sa samunta. A Kumasi akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sai dai Hajiyar da ke da jikoki 'yan mata masu jiran miji ba za ta yarda a gan ta a layin da unguwa ke kira na mahaukata ba. Inda take zuwa da ƙafarta shi ne layin awon jini, a asibitin Manhyia ko ƙaramin asibitin unguwa, kuma a nan ya kamata a tare ta. Tambaya biyu ce ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama ke fara tantancewa da ita: ko a makonni biyun da suka wuce ranta ya yawaita ƙunci, ko ta daina jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa. A Zango sai a ƙara ta uku: "Hajiya, yara nawa ne a hannunki, wa ke taya ki?" A yi su da Hausa ko Dagbanci ko Mosanci, harshen da take hira da shi a gida.

Ba sai an jira ƙwararrun likitoci sun wadata ba. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata masu aikin lafiya na unguwa, aka ajiye musu benci a harabar asibiti, mai damuwa ya zo su yi zama shida suna warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya rukunin kuwa rabi ne. Zango ma yana da matan da za a iya horarwa: Magajiyoyi, malaman islamiyyar mata, shugabannin adashi, 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAG. Sai dai kada a ɗauki darasin a juye, a ce tunda kakanni sun iya lallashi to a ƙara musu wannan aikin ma kyauta. Wadda ke fama da jarirai ita ce za a zaunar a saurara. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya fi shahara da filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ɗakin renon yara daga safe zuwa azahar a harabar masallaci ko makaranta, inda tsohuwa za ta ajiye jika ta je asibiti ko ta ɗan runtsa, ba zai ci kuɗin fili ɗaya ba.

Abin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Saki da rabon gado da rikicin iyali a Zango ta gaban liman ko sarkin ƙabila ko dattawan unguwa suke bi. Su ke da ikon sa a yi magana a fili ranar da za a miƙa yara: an tambayi tsohuwar ta yarda, nawa ne duk wata kuma wa zai bayar, wace 'yar'uwa ce za ta riƙa karɓarta kwana biyu a mako, yaushe za a zo a ɗauka. In uba ya saɓa, limamin da aka zo wa don ɗaura masa sabon aure ya tambaye shi labarin yaran da ke hannun uwarsa kafin a raba goro. An yi shekaru ana yi wa kakanni wa'azin haƙuri, sun kuwa ji, sun yi. Muna roƙon limaman babban masallacin Kumasi da na Aboabo da Asawase su ware huɗuba guda a kan ciyarwa, su fuskanci sahun maza da ita.